Yadda muka samo wa ɗan ƙanwata mai kariya kyauta a Damagaram

Ɗan ƙanwata yaron shago ne a wajen wani mai gyaran waya kusa da Kasuwar Dole. Maraya ne, mahaifinsa ya rasu tun yana lakwal, uwar kuma da tuyar ƙosai take riƙe da gida a Garin Malam. Wata ranar Alhamis, ranar da kasuwa take cika maƙil, wani saurayi ya kawo waya ta hannu zai sayar. Maigidan shagon ya tafi sallar la'asar, sai yaron ya yi ciniki ya biya da kuɗin shago kamar yadda aka saba. Ashe wayar tana cikin kayan da aka kwashe a wani gida da aka fasa da dare. Da aka kama waɗanda ake zargi, suka faɗi inda suka kai kayan, aka zo shagon aka tafi da shi. Laifin da aka ɗora masa shi ne sayen kayan sata da saninsa.

Ni malamin lakwal ne, ina karanta Faransanci ina rubuta shi, shi ya sa dangi duka suka zuba mini ido. Amma karatun aji daban, sha'anin kotu daban.

Doka ta ba 'yan sanda da jandarma damar riƙe mutum awa 48 don bincike, mai gabatar da ƙara kuma yana iya ƙara wasu awa 48. A cikin wannan ɗan lokaci ake ɗaukar bayanin mutum, a rubuta da Faransanci, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Mu a lokacin hankalinmu yana kan kai masa abinci da neman wanda ya san wani. Akwai ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta shekarar 2014 wadda ta ce lauya yana da damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Ƙa'ida ce mai kyau ƙwarai, sai dai mai lauyan da zai kira ne yake cin moriyarta. Lauyoyin Nijar kusan dukansu a Yamai suke zaune, tsakaninmu da Yamai kuwa kusan kilomita 900. Kafin a kira, a daidaita kuɗi, mutum ya hau mota ya iso, awannin sun ƙare, an rufe takardar bayani.

Daga nan aka kai su gaban mai gabatar da ƙara. Da yake su da yawa ne kuma akwai sauran kayan da ba a gano ba, aka miƙa maganar ga alƙalin bincike, shi kuma ya tura su gidan kaso su jira. Daga baya na tambayi yaron ko an yi masa zancen lauya a wannan zama na farko. Ya ce, "An yi, Kawu. Tafinta ya ce ina da damar ɗaukar lauya, ni kuma na ce ba ni da shi." Alƙali ya sauke abin da doka ta ɗora masa, ban ga laifinsa ba. Amma yaron da bai taɓa riƙe jika hamsin tasa ta kansa ba, in ka ce masa yana da damar ɗaukar lauya, zancen kuɗi kawai ya ji. Da an ƙara masa da cewa wanda ba shi da hali ana iya ba shi mai kariya kyauta, kuma ga inda ake nema, da labarin nan ya gajarta da watanni.

Na samu lambar wani lauya a Yamai na kira shi. Ya saurare ni da mutunci, ya faɗi kuɗin aikinsa, ya ce kuɗin mota da masauki a kanmu suke duk lokacin da zai zo. Bai zalunce ni ba, aikin nan karatu ne da wahala. Amma ko an sayar da awakin ƙanwata da gadon ɗakinta ba za su kai ba. A wannan tsakani ne wasu mutane suka fara zuwa gida da magariba, kowa ya ce ya san na ciki, a kawo jika kaza yaro ya kwana a gida. Ƙanwata har ta fara zancen cin bashin adashi. Waɗannan mutane ba su da wani aiki a kotu, rashin sanin talaka ne jarinsu, kuma su suke fara isa gidan wanda aka kama kafin duk wani mai faɗin gaskiya.

Wanda yake tsare yana jiran shari'a ba a ganinsa sai da takardar izinin ziyara daga alƙalin da maganar take hannunsa. Muna zaune a kan benci muna jiran wannan takarda, wata dattijuwa daga wajen Mirya ta ga ƙanwata tana share hawaye da gefen mayafi. Ta tambaye ta, ta ba ta labari. Sai ta ce, "'Yar nan, ai ni jikana gwamnati ce ta ba shi mai tsaya masa, ban biya ko dala ba. Ku je ofishin can ku tambaya." Daga bakin wannan baiwar Allah, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, na fara jin akwai hukumar da ake kira ANAJJ.

Hukuma ce ta ƙasa mai ba da taimakon shari'a kyauta. Doka mai lamba 2011-42 ta ranar 14 ga Disamba 2011 ce ta kafa ta, zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou, lokacin Marou Amadou yana ministan shari'a, kuma tana da ofisoshi a manyan kotunan ƙasar, har da ta Damagaram. Ba wata alfarma ba ce da aka ƙirƙiro don tausayi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ta faɗa a sashe na 14 cewa wanda ake tuhuma da laifi, in ba shi da abin biya kuma adalci ya buƙaci haka, a ba shi mai kariya ba da kuɗinsa ba. Fiye da shekara goma da kafa hukumar, ina cikin garin nan ina koyar da 'ya'yan mutane, ban taɓa jin sunanta ba. Na tambayi abokan aikina a lakwal, kaɗan ne suka sani. Abin ya zame mini kamar rijiyar da aka gina a unguwa mai ƙishi aka rufe bakinta da zana.

A ofishin mun tarar da wata matashiya da ta karanci shari'a. Da Hausa ta karɓe mu, ta ba ƙanwata kujera, ta ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, ki faɗa mini tun daga farko." Ta bayyana mana cewa taimakon iri biyu ne. Shawara da bayani da nuna wa mutum ƙofar da zai bi, wannan na kowa ne, mai kuɗi da talaka. Naɗa wa mutum wanda zai tsaya masa a gaban alƙali kuwa, na marasa hali ne da kuma masu rauni da doka ta ambata, irin yaran da ba su kai shekara 18 ba. Jikan dattijuwar nan yaro ne, shi ya sa aka ba shi kai tsaye. Namu ya wuce 18, don haka sai mun rubuta takardar neman taimako, mun haɗa da katinsa na ɗan ƙasa, da lambar dosiye, wato tarin takardun shari'arsa, da takardar shaidar rashin hali.

Takardar rashin halin ita ta fi ba mu aiki. Wanda za a yi wa shaidar yana kulle, sai dai wani ya yi yawon a madadinsa. Mun bi ta wajen mai unguwa, ya shaida ya san gidan ya san halin da suke ciki. Sannan aka turo wani ma'aikaci ya ga gidan da idonsa. Ya shigo tsakar gida da littafi a hannu, ya dubi ɗaki ɗaya da rumfar zana, ya dubi kaskon tuya da turmi, ya tambayi yara nawa ne, nawa take samu a yini, gidan nata ne ko na haya. Da ladabi ya yi tambayoyinsa. Duk da haka bayan ya fita ƙanwata ta ce mini, "Yaya, yanzu sai an rubuta talaucina a takarda kafin a saurari ɗana?" Mace ce da ba ta taɓa roƙon kowa ba tun rasuwar mijinta. Ban ce kada a yi bincike ba, dukiyar jama'a ce, dole a san wanda ake ba wa. Abin da nake gani shi ne, mutumin da ya riga ya shiga kaso a fara naɗa masa mai kariya, binciken ya biyo baya. Duk ranar da muka ɓata muna bin sa hannu, shi a ɗaki mai cunkoso ya kwana. Mu ma da muke cikin gari ke nan, akwai mai karatu a dangi, akwai kuɗin kabu-kabu. Manomin da aka kawo daga ƙauyen Tanut ko Gure, wanda danginsa ba su ma san inda aka kai shi ba, wa zai bi masa takarda?

Da takardu suka cika aka amince, aka haɗa mu da wanda zai tsaya masa. Dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, da farar hula da tsohuwar jakar hannu. Ƙanwata ta raɗa mini, "Yaya, shi wannan lauya ne?" Ya ji ta, ya amsa da kansa: "Malama, ni ba lauya ba ne. Amma kotu ta yarda in tsaya wa ɗanki, kuma zan karanta kowace takarda da ke cikin dosiyensa." Saboda ƙarancin lauyoyi a wajen Yamai, dokar Nijar ta yarda a naɗa irin waɗannan mutane, malamai da tsofaffin ma'aikata masu ilimi, su kare wanda ake tuhuma. A jihohi su ne ke ɗauke da mafi yawan wannan nauyi.

Ya cika maganarsa. Ya je ofishin magatakardan kotu ya zauna da dosiye, yana karantawa yana kwafe muhimman wurare da hannunsa a littafin 'yan makaranta. Sannan ya tafi gidan kaso, na raka shi. Ya buɗe littafin ya fassara wa yaron takardar bayaninsa ta farko layi bayan layi. Can tsakiya akwai inda aka rubuta cewa ya amsa ya san wayar ta sata ce. Yaron ya miƙe tsaye. "Kawu, wallahi ban faɗi haka ba. An ce in dangwala, na dangwala." A ranar ne karo na farko da wani ya karanta masa abin da ya sa wa yatsa, cikin harshen da yake ji.

Dattijon ya zaunar da shi, ya yi mana bayanin da har yanzu nake maimaita wa mutane. Ya ce a doka ba sayen kayan kaɗai ne laifi ba, sai an tabbatar mutum ya saya yana sane da cewa na sata ne. Don haka aikinmu shi ne mu nuna yadda aka yi cinikin: da rana tsaka, a shago buɗe, a gaban maƙwabta, a kan kuɗin da aka saba sayen irin wayar. Ya tambaya ko shagon yana da littafin da ake rubuta abin da aka saya. Akwai. Wani tsohon littafi ne mai maiƙo a bango, kuma a ciki yaron ya rubuta ranar da irin wayar da kuɗin da ya biya, da rubutunsa na ɗan aji shida. Ɓarawon zaune ba ya rubuta abin da ya saya a littafin maigidansa.

Wahalar ita ce maigidan shagon. Mutumin kirki ne, amma da ya ji zancen shaida sai jikinsa ya yi sanyi. Mutanenmu da yawa sun ɗauka duk wanda ya taka kotu ba lalle ya kwana a gidansa ba. Sai da dattijon ya je shagon da kansa, ya bayyana masa bambancin shaida da wanda ake tuhuma, limamin unguwa kuma ya tuna masa hukuncin ɓoye shaida, sannan ya yarda. Alƙalin bincike ya saurare shi, ya karɓi littafin.

Dattijon ne kuma ya rubuta takardar neman sakin talala. Ban san cewa wanda yake tsare yana iya neman wannan a kowane lokaci ba, har ma ya sake nema in an ƙi. Da farko an ƙi, saboda ba a riga an haɗa shi gaba da gaba da wanda ya sayar masa ba. Bayan an haɗa su, saurayin ya amsa cewa bai gaya masa asalin wayar ba. Aka sake nema, na kawo shaidar inda nake zaune da inda nake aiki, na ɗauki alkawarin kawo shi duk ranar da aka kira, aka sake shi. Ya fito da ƙaiƙayi a jiki da rama, shagon kuma ya riga ya ɗauki wani yaro. Alƙaluman da aka sha fitarwa a shekarun baya sun nuna fiye da rabin mutanen da ke gidajen kason Nijar ba a yanke musu hukunci ba tukuna. Na tabbata a cikinsu akwai masu yawa da takarda ɗaya irin wannan za ta mayar da su gida su jira ranar shari'arsu, in da akwai mai rubuta musu.

Ranar shari'a muka je da sassafe, ba a kira tamu ba sai bayan azahar, don haka na ga shari'o'i da dama. Wannan zama ya fi komai tsaya mini a rai. A kira suna, mutum ya fito ya tsaya shi kaɗai. Satar akuya, faɗan da aka ji rauni, cin amana a kan kuɗin babur. A manyan laifuka irin kisan kai doka ta wajabta a samu mai kariya, amma a irin waɗannan ana iya yi wa mutum shari'a ba kowa a gefensa, alhali hukuncin yana iya kai shekaru. Alƙalin yana da haƙuri, wani lokaci har yakan bar Faransanci ya yi tambaya da Hausa. Amma idan mai gabatar da ƙara ya miƙe yana jero sassan doka da hukuncin da yake nema, tafinta a taƙaice yake mayarwa, mutumin kuma yana tsaye yana kallon bakinsu. Doka ta ce wanda ake tuhuma shi ke da magana ta ƙarshe. Da aka tambaye su ko suna da abin faɗa, kusan dukansu abu ɗaya suka ce: "Ranka ya daɗe, a yi mini sassauci." Wani tsoho ya fara bayanin cewa akwai wanda ya ga lokacin da abin ya faru, aka tambaye shi ina shaidar take, ya ce tana ƙauye, bai san ana zuwa da ita ba. Wanda aka kawo kai tsaye daga kamu yana da damar neman a ɗaga zama ya shirya kariyarsa, amma ban ga wanda ya nema ba, kowa gani yake gara a gama yau.

Da aka zo kan tamu, dattijon ya miƙe. Bai yi doguwar magana ba. Ya nuna littafin shago, ya tuna wa kotu abin da mai sayarwar ya faɗa a gaban alƙalin bincike, ya ce takardar farko ba a karanta wa yaron da harshensa ba. Kotu ta sallami ɗan ƙanwata saboda ba a tabbatar da saninsa ba. Sauran da aka gurfanar tare da shi, waɗanda ba mai tsaya musu, aka ɗaure su. Ba na cewa ba su yi laifi ba, gidan mutane aka fasa. Amma ɗaya daga cikinsu ya yi ta cewa shi dako kawai ya yi, kuma ba wanda ya bi masa wannan magana yadda aka bi wa namu. An gaya musu suna da kwana 10 su ɗaukaka ƙara. Kotun ɗaukaka ƙara tana nan cikin Damagaram, ba sai an je Yamai ba, amma uwar mai cewa dako ya yi, da na tarar a bakin ƙofa, ba ta san an faɗi haka ba. Na kama hannun ƙanensa na nuna musu ofishin da aka nuna mana.

Tun daga lokacin nake ta tunanin abin da za a gyara, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar sabuwar doka. Sanarwa ita ce kan gaba, kuma a wurin da ya dace: a ofishin 'yan sanda da na jandarma, a sa'ar farko, da baki, da harshen da mutum yake ji, a ce masa akwai taimako kyauta, a kuma karanta masa bayaninsa kafin ya dangwala. Kundin tafiyar da ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. In akwai wurin da ya kamata a fara ganin amfanin wannan, to a takardar da za ta iya kai mutum kaso ne. Gidajen rediyon garin nan kullum suna sanarwar aure da suna da ɓatan awaki, minti biyu a kan wannan ofishi ba zai gagara ba. Masu unguwanni da limamai kuwa su ake fara kai wa kuka idan an kama wani, ya kamata kowannensu ya san ƙofar.

Sai kuma su masu kariyar. Dattijon namu da kuɗin aljihunsa yake hawan kabu-kabu zuwa gidan kaso, da na miƙa masa wani abu ya ƙi karɓa, ya ce aikin ba a karɓar kuɗin iyali. Ba kowa ne zai iya haka ba, kuma bai kamata adalci ya dogara ga samun mutum irinsa ba. A biya su abin da ya dace a kan lokaci, a riƙa ba su horo, a naɗa su tun ana bincike, ba ana saura kwana kaɗan a shiga kotu ba. Ya gaya mini akwai lokutan da ake miƙa wa mutum dosiye mai kauri gab da zama, ba abin da zai iya sai roƙon sassauci, wanda shi mai laifin ma zai iya da bakinsa.

A ƙasar Malawi, tun shekarar 2000 suka fara tura mutanen da aka horar, waɗanda ba lauyoyi ba, suna shiga gidajen kaso a kai a kai, suna duba wanda ya daɗe ba a kira shi ba, suna koya wa tsararru yadda ake neman saki, suna nemo musu dangi da shaidu. Mu ma muna da ƙungiyoyi irin ANDDH, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, da suka daɗe suna ba da shawarar shari'a kyauta, muna kuma da matasan da suka karanci shari'a a jami'o'in Yamai da Tawa suna zaune a unguwanninmu ba aiki. A ɗauki wasu daga cikinsu, a ba kowa ofishin 'yan sanda ɗaya ko gidan kaso ɗaya da zai riƙa leƙawa kowane mako, a Damagaram da Mirya da Magarya da Matamai da Gure da Tanut, ƙarƙashin kulawar lauya ko da ta waya ce daga Yamai. Aikinsu na farko ya zama rubuta sunan duk wanda aka kulle ba shi da mai tsaya masa, su kai sunayen ofishin taimakon kafin mako ya fita.